Ruwan da ke numfashi a bayan Katuzu

Tun da na dawo daga Gashuwa ban huta ba. In na fita ɗebo ruwa a tare ni, in na zauna bakin banda a tare ni. "Hajjo, wai da gaske kin sa mata kiɗan ƙwarya a gidan makoki?" "Hajjo, wai kifi ya yi gaisuwar mutuwa a gabanki?" Har wata ta ce an ce na mari dattijo. Ban mari kowa ba. Da na mara, ni zan fara faɗa muku. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ɗauki biro. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta biyu, a makarantar yaƙi da jahilci. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya karanta haka nan, ko ya ajiye.

Kun san sana'ata, bandar kifi, ita na tarar uwata tana yi. Kun kuma san abin da kacalla ta yi mana a Nguru. Doguwar ciyawar nan ta shaƙe ruwa, inda mazanmu ke jefa birgi a da, yanzu ko kwale-kwale ba ya ratsawa. Sai ki hura wuta tun safe ki zauna jiran kifin da ba zai cika faranti ba. A cikin haka muka ji labarin wani tsoho a bayan Katuzu, wai yana kiwon kifin karfasa a cikin tamfol, kuma ba ya sauya ruwa. Matan unguwarmu masu banda suka ce a je a gano. Kowa ta kawo dalili, wannan goyo, wannan miji, wannan ciwon ƙafa. Na ce to ku matsa, ni zan je.

Na shiga mota a tasha da hantsi. An cusa mu a baya kamar buhunan gero. Gefena wata tsohuwa Bafillatana da ƙwaryarta a cinya, bayanmu wani mutum da akuyarsa. Ba mu yi nisa da gari ba motar ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe gabanta yana yi mata faɗa kamar tana ji, mu kuma muka sauko muka tsaya bakin hanya. Wurin a da ruwa ne, na san shi tun ina yarinya. Yanzu kacalla ce ta fi tsayin mutum, ga kwale-kwale a kife a cikinta, ciyawa ta huda cikinsa ta fito. Ba iska, ba kukan tsuntsu.

Bafillatanar ce ta fara magana. Ta tambaye ni ina za ni, na gaya mata. Ta dube ni ta gyara zaman ƙwaryarta.

"Ruwan da aka ɗaure wuri guda, ba ya shiga ba ya fita?"

Na ce haka aka ce.

"Ni dai shanuna ba za su sha shi ba," in ji ta.

A shingen jami'an tsaro aka sauke mu aka duba kaya. Wani saurayi cikinsu ya ɗaga ƙunshina ya shinshina, ya ce, "Mama, gobara kika ɗauko?" Na ce kifi ne, tsarabar dangin miji, kuma ko ƙaya ba zan rage ba. Ya yi dariya ya ce in wuce. A Jajimaji muka tarar ranar kasuwa ce, direba ya tsaya cin abinci kamar ba mutane ya ɗauko ba. Na sayi ƙosai, na dawo na tarar akuyar nan ta cinye mini gefen mayafi. Mai ita ya ce wai ba ta saba ba. Na ce to yau ta fara, kuma in ta ƙara zan sauka da ƙafarta ɗaya. Ya rungume abarsa har Gashuwa.

Na sauka a gidan Ya Fanna, ƙanwar marigayi mijina. Tun daga zaure ta fara. "Lale da matarmu! Yunwar Nguru ce ta koro ki?" Na ce na zo ne in koya muku banda, don na ga abin da kuke sayarwa a bakin tasha, waje baƙi ƙirin, ciki ɗanye. Gaskiya ce kuwa. Mu mukan bar kifi ya sha hayaƙi a hankali har ya yi ja, su suna gaggauta masa wuta. Amma burabiskon da ta yi mini da miyar yakuwa, wannan ban da abin cewa, sai da na suɗe hannu. Ta turara ɗakin da turaren wuta har idona ya yi ruwa, ta ce wai don ta kori ƙaurin da na zo da shi. Gaisuwarsu kuma doguwa ce. Maƙwabta suka yi ta shigowa, sai an tambayi gajiya, a tambayi gida, a tambayi rana, a koma kan gajiya. Mu a Nguru da an yi biyu an shiga magana.

Da na gaya mata wurin wa na zo, sai ta daina dariya.

"Baba Gambo? Ai Sarkin Ruwa ne a da. Ki je, amma kada ki sa hannu a ruwansa sai ya ce ki sa."

Washegari na hau a-kori-kura zuwa Katuzu, daga can na hau babur muka bi gefen fadama. Shinkafa duk ta kwanta, ambaliya ta bi ta kanta ta bar laka. Mai babur ya ajiye ni nesa da gidan, ya nuna da haɓa, ya juya. Kafin in ga komai na fara jin abin. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, ba ya hawa ba ya sauka, kana jin sa a tafin ƙafa kafin kunne.

Wata mace ta fito ta karɓe ni, doguwa, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Sunanta Yagana, 'yar Baba Gambo ce, aurenta ya mutu ta dawo gida da 'ya'yanta. Ta kai ni gefen tsakar gida, ƙarƙashin wata rumfa. Tankuna uku ne zagayayyu, tamfol a cikin ragar ƙarfe, kowanne ya kai mini ƙugu. Ruwan ciki launin kunun tsamiya, kuma tafasa yake yi. Na duba ƙasa, ba wuta. Ko kifi ɗaya ban gani ba, sai kumfa tana ɓulɓulowa daga ƙasa. Na ja da baya ina karanta abin da ya zo bakina.

Wata murya ta ce, "'Yar Nguru ta tsorata."

Sai a lokacin na lura da Baba Gambo. Yana kwance a tabarma jikin bango, ya rame, ƙafafunsa a kumbure. Kansa na jingine da wani akwatin katako, a kan akwatin kuma wani ɗan inji da bai fi tukunyar miya ba. Daga nan gurnanin ke fitowa. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce ban tsorata ba, Baba, ƙazantar ruwan ce ta ba ni mamaki.

"Ƙazanta? Sa hannu ki ji."

Na sa. Ba zafi. Na ɗebo a tafin hannu, sai ga wasu gudaji-gudaji ƙanana suna yawo kamar tsakin kunu. Ba wari, ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari yake yi.

Yagana ce ta yi mini bayani, ita ke aikin duka. Wanta yana kudu, a wata gonar da ake kiwon kifi da jatan lande ta wannan hanya, shi ya aiko musu da kayan. Ta faɗi sunan abin da Turanci, bayofulok, amma su a gidan ruwan kunu suke cewa. Kashin kifi da ragowar abinci ba a zubar da su. Takan jiƙa mazarƙwaila ta zuba, sai wasu halittu da ido ba ya gani su ci ƙazantar, su dunƙule su zama gudajin nan, kifi kuma ya ci su. Abinci ya ragu, ruwa bai ɓaci ba.

"Amma Inna, su ma numfashi suke yi, kifin ma numfashi yake yi. Duk a wuyan wannan suke." Ta dafa injin.

Faifan sola ke ba shi wuta da rana, batir ya karɓa in rana ta faɗi. Tiyo ya fito daga jikinsa ya rabu, kowane reshe ya nutse cikin tanki da ɗan dutse mai huji-huji a bakinsa. Ta ɗauko wani gwangwani daga saman rumfa ta nuna mini abin da ke ciki. Roba ce baƙa, zagayayya, kamar marfin kofi. Irinta biyu ne a cikin injin, suna kai da komo kamar fatar kalangu, su ke tura iskar. Ba a zuba masa mai, shi ya sa iskarsa ba ta ɓata ruwa. Fata suke kiran ta.

"Abu biyu ke kashe ta," in ji Yagana. "Zafi, da toshewar hanci." Ta nuna mini inda yake shaƙar iska, da ɗan soso a ciki wanda take wankewa. "In ta yage, injin zai ci gaba da kuka, amma ba abin da ke fita. Kafin ki gama dafa shinkafa kifi ya fara tafiya."

Baba Gambo ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa tankin da ke jikin bangonsa da ɗan yatsa. Nan take ruwan ya yi baƙi. Karfasa manya-manya suka taso, suka yi cirko-cirko a gefen da yake. Yagana ta ce sun saba ne, nan yake ba su abinci. Shi bai ce haka ba. Ya dube su ya ce, "Na ƙare ƙuruciyata ina roƙon ruwa ya ba ni. Yanzu ni nake ba ruwa numfashi. In abin nan ya yi shiru, ko barci nake sai na farka." Na lura ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙyar. Ban so kallon ba, na kau da kai.

Da Yagana ta rako ni ta gaya mini abin da ke ranta. Shinkafarsu ta tafi a ambaliya, ko tiya ba su ɗauka ba. Kifin nan ya kusa isa kwasa. Shi ne hatsinsu, shi ne maganin Baba, shi ne komai na gidan har wata damina. Na ce zan dawo jibi in ga yadda take zuba mazarƙwailar.

Ranar da ke tsakani na yi ta a kasuwar Gashuwa ina faɗa da masu kifi. Ba abin da zan ba ku labari a kai, sai wata da ta ce mini hayaƙin Nguru ɗaci gare shi, na ce bakinta ne.

Da na koma, tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gida, maza a zaune jere. Baba Gambo ya cika da asuba, har an kai shi an dawo. Na tsaya na yi salati. Sai na ji wani abu ya ɓace a wurin, na rasa mene ne. Sai da na taka zaure na gane. Tafin ƙafata ba ya jin komai.

Mata sun cika tsakar gida. Na bi su da gaisuwa, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, har na isa wurin Yagana. Ta kama wuyan hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Hannunta sanyi ƙalau a wannan zafin. Ta sunkuyo kamar mai kuka a kafaɗata.

"Inna, sun rufe shi."

Na leƙa wajen rumfa. Inda injin yake an tula barguna, an ɗora tsohuwar katifa, an danne da turmi. Ƙanen mahaifinta, Baffa Idi, shi ne babba a gidan yanzu. Da aka shimfiɗa gawar, sai ya ce ba za a yi wa ɗan'uwansa wanka ana buga ganga a kansa ba, gidan mutuwa ba a kiɗa. Ya ce a kashe. Yagana ta faɗi a ƙafarsa tana roƙo. Sai ya ce to a rufe masa baki, kuma ya rantse duk ɗan gidan da ya ɗaga bargon nan kafin a yi sadakar uku, ba shi ba shi. Ba mugunta ya yi ba, ku ji ni da kyau. A ganinsa ya yi sassauci.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun asuba."

Rana kuwa ta take. Na kasa kunne. Can ƙarƙashin tulin ana jin abin, siriri, kamar mai nishi a cikin rijiya. Kumfa tana fitowa a tankunan, amma ba kamar shekaranjiya ba. Muka zauna. Masu gaisuwa na shigowa suna fita, ana shafa fatiha. Ni dai idona na kan ruwan.

Gab da azahar kukan ya sauya. Ya koma wani kaf-kaf-kaf, kamar haƙoran mai jin sanyi. Yagana ta matse hannuna har sai da farcenta ya shige ni. Kumfar ta ragu, ta ragu, ta ɗauke.

Ban taɓa ganin ruwa ya mutu a gabana ba sai ran nan. Ya kwanta lif. Gudajin nan suka fara sauka ƙasa, saman ya soma washewa, ruwan da ba ka ganin komai a cikinsa ya zama kamar ana yaye masa mayafi. Sai ga su. Da farko ɗaya-ɗaya, daga baya duka. Bakuna ne kawai a saman ruwa, fal tankuna uku, suna buɗewa suna rufewa. Ga wani sauti da suke yi, ƙasa-ƙasa, kamar jama'a masu yawa suna raɗa a ɗaki guda.

Wata ta hango ta saki salati. Mata suka miƙe. Wata tsohuwa da ke gefena, Ya Kaka suke kiran ta, yayar marigayin ce, ta dafa kafaɗata ta tashi.

"Sun zo," in ji ta. "Haka aka yi ranar da babanmu ya rasu. Ina yarinya, da idona na gani. Kifin tafkin gabas duk ya taso ya yi masa gaisuwa. Sarkin Ruwa ba ya tafiya shi kaɗai."

Magana ta kai waje. Maza suka shigo har tsakar gida, abin da ba a yi, suka tsaya bayan mata. Baffa Idi ya ratso ya tsaya gaban tankunan, gajere ne mai farin gemu, hawaye na bin gemun. Ya ɗaga hannu ya ce kada wanda ya matsa, kada wanda ya taɓa, a bar su su sallami ubangidansu.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Tsigar jikina ta tashi. Ni 'yar masunta ce, na ji irin wannan a bakin kakata, kuma ban taɓa cewa ƙarya ba ne. Ga bakunan nan suna motsi kamar masu addu'a, ga tabarmar mutumin nan a naɗe a jingine inda na bar shi kwance. Da a ce ban juya ba, da ina nan tsaye tare da su har a gama.

Amma na juya, na ga Yagana. Ita kaɗai ce ba ta tashi ba. Ba kifin take kallo ba, 'ya'yanta take kallo, suna raɓe a bakin ɗaki. Leɓenta na motsi ba sauti. Ta san abin da ke faruwa sarai, ta san abin yi, gwangwanin yana nan saman rumfa, amma rantsuwa ta ɗaure ta.

Na ɗaure mayafina a ƙugu, na ratsa mutane. Na kama turmin nan na mirgine shi gefe.

"Ke! Ke wace ce?" in ji Baffa Idi.

"Baƙuwa ce, Malam. Daga Nguru."

"Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Ka ce duk ɗan gidan nan. Ni ba 'yar gidan nan ba ce, rantsuwarka ba ta hau kaina ba."

Na fizge katifar, na yaye bargunan. Wani zafi ya bugi fuskata, da ƙaurin roba. Na taɓa injin na janye hannu, har yau ga tabon. Kukansa ya fito fili, kaf-kaf-kaf, a tsakiyar gidan makoki, kuma ko kumfa ɗaya babu a ruwa.

Baffa Idi ya yo kaina. "Kin zo gidan mutane kin tozarta gawa! Gaisuwa suke yi masa!"

"Shaƙewa suke yi, Malam. Kai ma in aka danne ka da katifa tun asuba haka za ka buɗe baki. Bargo dai na riga na ɗaga, ba ɗan gida ne ya ɗaga ba. Yagana, taso!"

Ba ta motsa ba. Ta dubi baffanta. Kowa ya dube shi. Shi kuma ya tsaya, ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a. A tanki na jikin bango na ga ɗaya ya juya farin cikinsa sama.

Ya Kaka ce ta raba mu. Ta tako a hankali ta leƙa tankin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Idi, an gaisa. Gaisuwa in ta yi tsawo ta zama zama." Ta juya wurin Yagana. "Tashi, 'yar nan. Me za mu yi?"

Yagana ta miƙe kamar an sake ta daga turke. Ta zare wayar injin, shiru ya rufe gidan. Ta ce a kawo ƙore, duk ƙwaryar da ke gidan, a riƙa ɗibar ruwan ana ɗagawa sama ana zubowa, kada a tsaya. Ya Kaka ta fara ɗauka. Na ɗauka. Mata suka kewaye tankunan da ƙore da kwanoni, wasu da mayafin makoki a ka. To nan ne maganar kiɗan ƙwarya ta samo asali. Ƙwarya in ta bugi ruwa dole ta yi ƙara, kuma hannu da yawa in suna aiki ɗaya sai sun daidaita. Bum, shaa, bum, shaa. Wallahi kamar gidan biki. Muna yi muna kuka. Maza suka sunkuyar da kai suka fice ɗaya bayan ɗaya, sai Baffa Idi kaɗai ya rage a tsaye.

Yagana ta naɗe hannu da tsumma ta kwance murfin injin da sukudireba. Ta zaro fatun, ɗaya ta yage biyu, ɗayar ta yi laushi kamar danƙo. Sai da ta yi ta fifita cikinsa da faifai kafin ya huce ta iya sa sababbi. Ni dai kafaɗuna sun mutu, ban san tsawon lokacin ba, na san an kira salla mun ji ba mu je ba. Da ta mayar da waya, gurnanin ya dawo, na ji shi a tafin ƙafata. Kumfa ta ɓullo, ruwan ya sake murtukewa ya koma kununsa. A tankuna biyu bakunan suka nutse ɗaya bayan ɗaya, har ba ka ganin komai. Yagana ta zauna daɓas a laka ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun asuba.

Na jikin bango bai dawo ba. Iska na shiga, kifin na juyawa. Kafin la'asar duk sun taso fari fat.

Ban bari an tsaya kallo ba. Na ce a kawo wuƙaƙe. Muka kwashe, muka feɗe tun suna da sanyinsu. Aka samo mini rabin duro da ragar ƙarfe, na haɗa banda a bayan gida. Wani aka dafa wa masu zaman makoki, sauran na ba shi hayaƙi irin namu, a hankali, har ya yi ja. Kwana na yi a gidan ina juya shi. Ko ɗaya bai lalace ba, zai kai su wani lokaci. Tankuna biyu kuma suna nan da ransu, Yagana za ta kwashe su a kan kari.

Masu tambaya ko za mu yi irinsa a Nguru, ni na ce mu yi. Amma duk wadda ta san ba za ta iya tashi ta bar baƙi, ko biki, ko makoki, ta je ta duba kumfa ba, kada ta sa hannu.

Baffa Idi bai ƙara yi mini magana ba, bai kuma ci kifin ba. Da safe na yi sallama da mata na fito, na same shi shi kaɗai a ƙarƙashin rumfa, zaune a kan turmin nan, injin na gurnani a gefensa. Yana kallon tankin da ya zama wayam. Na durƙusa na ce, "Malam, zan koma. In na ɓata maka, ka yafe. Amma da za a sake, haka zan sake yi."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wane tanki ne ya fi kusa da injin?"

Na ce wannan.

"Wanne iska ta fara shiga?"

Na ce shi.

"Ke kika tsaya a kansa da ƙwarya, ke da Ya Kaka. Na ga hannunki, ba ki huta ba."

Na ce haka ne.

Ya gyaɗa kai. "Biyu na yara. Ɗaya ya isa rakiya."

Yagana ta gaya mini dalili tun da daddare. Kifin tankin nan ya fi girma, ya fi cunkoso, su ke fara galabaita. Na yarda da ita, magana ce mai kan gado, kuma ita ta san aikinta. Amsar tana bakina. Amma ni na kwashe su da hannuna, na ga inda suka taru. Ba a warwatse suke ba. Duk suna gefe guda, sun cushe a jikin tamfol ta wajen bango, daidai inda Baba Gambo yake jingina kansa.

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Malam."

Ya ce, "Amin. Ki gaida Nguru."

Na ɗauki ƙunshina na fita neman babur.